Rasuwar Iya Rawaya, Mitar Senami

Da zuciya mai nauyi da idanu jajur, Senami Agosu, ɗalibar ajin ƙarshe a sashen injiniyan lantarki, tana sanar da 'yan ajinsu da duk mazauna Kalabi rasuwar Iya Rawaya, mitarta ta auna wuta, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Alhamis a ɗakin gwaje-gwaje.

Marigayiya ta girmi Senami nesa ba kusa ba. Ta yi ƙuruciyarta a rumfar Baba Kosi mai gyaran rediyo a Bohikon, har ranar da idanunsa suka daina gani, ya naɗe ta a tsumma ya jefa cikin jakar 'yarsa Senami mai tafiya jami'a. Bai yi wata doguwar nasiha ba. Dama shi ba mai yawan magana ba ne, kuma 'yar ta gado shi sak.

Duk wanda ya zauna da marigayiya ya shaide ta da gaskiya. Ba ta taɓa cewa akwai wuta inda babu ba. An are ta ba adadi, an dawo da ita da maiƙon soyayyar doya, ba ta yi ƙorafi ba. Kalmarta ɗaya ce tak a duniya, tiiit, wato bakin nan da wancan suna haɗe, layi bai tsinke ba.

Kowace Lahadi in Senami ta buga waya gida, gaisuwa ba ta nisa sai hira ta ƙare musu. Daga nan Baba Kosi zai ce, "To, ba ni tsohuwar." Sai ta haɗa wayoyin mitar, ja da baƙa, a bakin wayar salula. Tiiit. Ya yi dariya ya kashe. Shekarun karatun nan duka, iyakar hirarsu ke nan, kuma tana isarsu.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Fis ɗinta, mai kare ta in wuta ta yi yawa, ya daɗe da ƙonewa, an liƙa siririyar waya a madadinsa kafin a samo wani. Ranar Alhamis, Senami na ta rawar jiki da aikinta na kammala karatu, ta manta jar wayar a ramin amfiya, ramin mitar da ba a gwada soket da shi, ta cusa ta a soket don duba ƙarfin wuta. Ɗan aji ɗaya ma ya san ba a yin haka. Aka ji fat, hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Da Lahadi ta zo, tsoro ya hana ta faɗa. Ta ari sabuwar mitar ƙawarta Fifame ta haɗa wayoyin. Baba Kosi ya saurari ƙarar, ya ce:

"Wannan 'yar yarinya ce. Ina tsohuwar?"

Senami ta fashe da kuka. "Baba, ni na kashe ta."

"A hannunki take da abin ya faru? Yatsunki fa, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"To ta mutu a bakin aikinta. Kawo min ita. Ke da kanki, kada ki ba direba."

Marigayiya ta bar jar waya da baƙar waya, marayu, da ƙarfen liƙi abokin zamanta, da aikin kammala karatu da ba a gama aunawa ba. Ta kuma bar mutum biyu da ba su san me za su ce wa juna ba in ba ta nan.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe daga tashar Kalabi zuwa Bohikon, a cikin tsumman da ta zo da shi. Ba za a binne ta ba sai Baba Kosi ya shafa ta. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da sabuwar mita. Ranar Lahadi ba za a buga waya ba, domin Senami za ta zauna a benci ɗaya da mahaifinta a ƙofar rumfa, su nemi abin cewa da bakinsu.