Keken Suruki

Yaya, tun da ka tafi ban sake ba kowa labari ba. Ba wai labaran sun ƙare ba ne. Suna zuwa, in waiga in ga bencin babu kai. Kekenka yana nan a rataye inda ka bar shi. Kullum ina goge shi, ban dai hau ba. Jiya ina cikin gogewa wannan ya faɗo mini, har na ji kaina ina dariya ni kaɗai. Inna ta leƙo ta taga, ta koma. To saurara, kuma kada ka katse ni yadda ka saba.

Wani ne abokan aikinsa suka shirya yawon keke a lokacin hutu. Za su ratsa ƙasar tuddai da kurmi, su bi ta tsoffin ƙauyukan nan masu gidajen dutse, su sha iska, su ɗauki hotuna. Shi kuwa bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ku sa da ni. Ni ai a kan keke na girma."

Alhali ko ƙararrawar keke ba shi da ita.

Surukinsa ne mai keke. Likita ne ya sa tsohon ya saya saboda tumbi. Ya sayo shi ja wur, mai giyar sauya gudu, ya kafa shi a falo kusa da talabijin, shi ke nan an sha magani. Matsalar ita ce mutumin naka ya taɓa aron tsani a gidan, ya dawo da shi gida biyu. Dole matarsa ce ta shige gaba.

"Baba, ni na tsaya masa."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Kai, matso nan. Ka ga fentin nan?"

"Na gani, Baba."

"Ka ga tayar nan? Ko gashinta bai zube ba. Yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi. In na ga ƙwarzane ɗaya, kai da gidan nan sai dai gaisuwa daga titi."

A hanyar gida matar ta ƙara masa. "Baban yara, ka rufa mini asiri a gidanmu. Ka dawo da shi lafiya. Kai ma, in an samu hali."

Ranar tafiya aka kwashe su a mota, su da kekunansu, aka sauke su a gindin tudun farko. Gari ya yi luf. Hanya ta miƙe sama tsakanin itatuwa, hasken safiya yana zubowa ta cikin ganye kamar ana tankaɗe shi. Kowa ya ɗare kekensa. Mutumin naka ya ɗora ƙafa a feda, ya taɓa giya, sarƙa ta yi ƙara. Sai ya diro kamar an ɗana masa wuta.

Jagoran tafiyar ya juyo. "Lafiya, malam?"

"Ka ji kukan da ta yi?"

"Haka take. Hawa ne, dole sarƙa ta ɗan ci."

"Ta ci me?"

"Ta ci kanta mana. A hankali dai, ba a ma gani."

"Kai ne ba ka gani. Ba ka san mai keken ba."

Ya kama tura shi. Ya ɗan taɓa tafiya sai ya tsaya, ya durƙusa, ya leƙa taya. Ashe turi ma yana cin gashin. Ya dubi tudu, ya dubi keke, ya yi bismillah ya saɓa shi a kafaɗa.

Da ya kai sama, harshe a waje, ya tarar da su a inuwa sun miƙe ƙafa suna cin burodi. Jagora ya ce, "Sannu da ƙoƙari. To yanzu gangara ce har ƙasa, babu ruwan sarƙa. Ka hau kawai ka riƙe birki."

"Shi birkin da me yake tsayawa?"

"Da roba."

"Robar tana ci?"

Jagora da sauran suka ɗare kekunansu. Suka sulale ƙasa iska tana kaɗa musu riguna, shi kuma ya bi su a ƙafa, yana dafa itatuwa, keke yana bisa wuyansa yana kallon gari.

A cikin kurmi hanya ta tsuke, rassa suka fara miƙo hannu. Ya cire rigarsa ya naɗe wa keke jiki, ƙaya ta samu bayansa a buɗe ta yi rubutu son ranta. Can hadari ya haɗo. Kowa ya zaro rigar ruwa ya sa. Shi ma ya zaro tasa, ya sa wa keke, har da ɗaure masa hular a sirdi.

Na san a nan za ka ce, "Ƙarya kake, ƙane." Ka bari dai.

Haka suka shiga tsohon ƙauyen farko. Wuri ne mai kyau, Yaya, irin wanda kake cewa wata rana za mu je. Gidajen dutse sun jingina da juna kamar tsoffin da suka gaji, ga gadar da ba wanda ya san wanda ya gina ta, ga rijiya a tsakiyar fili da bakinta ya sha igiya har ya yi santsi. Abokan tafiya suna ta ɗaukar hoto. Da ya ɓullo ta kan gada, babu riga, jiƙe sharkaf, ɗauke da keke cikin rigar ruwa, sai duk masu hoton suka juya wa gidajen baya suka koma kansa.

Wata tsohuwa da ke zaune a bakin rijiya ta kare ido da hannu.

"Ɗan nan, keken ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, Iya."

"To kai fa?"

Sai ga mai facin ƙauyen da gudu, da famfo a hannu, yana murna ya samu aiki. Ya matsa taya, ya juya feda, ya kama birki ya saki.

"Ina yake ciwo?"

"Ko'ina. Don Allah sassauta hannu, kana shafa masa maiƙo."

Mai faci ya zagaya ta bayansa, ya dubi kafaɗar da ta saluɓe. "Wannan dai tana son faci. Sai dai ban da irin robarta."

Washegari masu masaukin da ayarin ya kwana suka ba da labari cewa sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Sun kai ruwan wanka, suka tarar da keke a kan katifa an lulluɓe shi da bargo, baƙo a ƙasa ya yi matashi da takalmi.

A rana ta ƙarshe Allah ya kawo su wani kwari. Hanya shimfiɗe, sabuwar kwalta, ba hawa ba gangara, ba ƙaya ba tsakuwa. Ciyawa kore shar hagu da dama, shanu suna kiwo. Duk ayarin suka tsaya suka kewaye shi.

Jagora ya ce, "Malam, don girman Allah. Nan ko ƙwai ka mirgina ba zai fashe ba. Hau ko sau ɗaya, ka ji abin da ya kawo ka."

Ya sauke keken a hankali. Ya shafa sirdi. Har ya ɗaga ƙafa, aka fara tafi. Sai ya mayar da ita.

"Duk wahalar nan da na sha, sai yanzu a bakin ƙarshe in ɓata shi? Ku dai je, ina tafe."

Motar da za ta mayar da su gida ta gaji da jira ta tafi. Wani direban motar itace ne ya tausaya masa. Ya ce gaba a cike take, sai dai baya, a kan gungume. Mutumin naka ya dubi gungumen, duk kaushi da tsini. Ya hau ya kwanta rigingine, ya ce a miƙo masa keken, ya ɗora shi a ƙirji ya rungume. Duk ramin da mota ta faɗa, sai a ji muryarsa daga baya: "Direba, a hankali, akwai mai fenti."

Ga ƙarshen, Yaya. Ban gaya wa kowa ba tukuna, kai ne na farko.

Ya iso gidan suruki wuya a karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofar falo, ko kallonsa ba ta yi ba, idonta yana kan keke. Tsohon ya sa tabarau. Ya zagaya keken, ya sake zagayawa. Ya shafa fenti da ɗan yatsa, ya duba yatsan. Ya durƙusa da ƙyar saboda tumbi, ya leƙa ƙarƙashi. Sannan ya miƙe yana murmushi.

"Madalla. Ashe kai mutum ne. Yaya ƙauyukan? An ce gine-ginen abin kallo ne."

"Ƙasarsu dai tana da kyau, Baba. Ita na fi gani."

"Ai kuwa ka burge ni. Daga yau ba sai ka turo matarka ba. An ce wata mai zuwa za su sake fita, har can cikin duwatsu. Keken yana nan, ai iskar ma ta karɓe shi, dubi yadda yake sheƙi."

Mutumin ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, don wuyan ba ya juyuwa. Ya dubi keken, ya dubi tsohon.

"Na gode, Baba. In keken yana son sake fita, ya ari wani."