Darbejiyar Inna a Gagarawa Tasha

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na ɗora kekena a saman mota na kawo shi gida Gumel ba. Lokacin ban daɗe da shiga ƙungiyar masu tuƙa keke a Kano ba, kuma kun san halin sabon shiga. Na sayi hular kwano, na sayi baƙin tabarau, na sayi wani ɗamammen gajeren wando da ko ni da nake cikinsa ba na son haɗa ido da madubi.

Na tarar da Inna jiki ya yi nauyi. Ƙafa ta hana ta zuwa ko zaure, sai hira, hirar kuma duk ta Gagarawa Tasha ce. A can aka haife ni, lokacin marigayi Baba yana aikin reluwe, muka taso ina ƙarami ban san komai ba. Ta ce a ƙofar gidanmu na kwatas ta dasa darbejiya da hannunta, da ruwan wanke-wanke ta raine ta, kuma tun da muka baro garin ba ta sake ganinta ba. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma taɓa roƙona komai ba. Ranar dai ta kau da kai gefe ta ce, "Wannan, tunda kana da abin hawa, da ka je ka ɗauko min hotonta, in gani ko tana nan."

Na ce an gama. A raina har na tsara tafiyar: in ratsa daji daga Gumel in tarar da layin dogo, in bi 'yar hanyar ƙafa da ke gefensa har tasha, in dawo da labarin da zan cika wa 'yan ƙungiyarmu baki da shi.

Maƙwabcinmu Malam Sabo, tsohon malamin labarin ƙasa, da ya ji sai ya shiga gida ya fito da wani ɗan littafi. Shi ya rubuta shi ya kai aka buga, don ɗalibansa masu bin layin dogo a kan keke. Akwai taswira zanen hannu, da sunayen ƙauyuka, da inda ake samun rijiya, da inda ƙaya take cinye taya. Na buɗe don kada ya ga na raina, idona ya faɗa kan layi ɗaya: wai a wasu wurare rairayi ya binne dogon, sai tudunsa kawai za ka gani. Na yi godiya, na ajiye littafin a kan taga. (Wandon nawa ba shi da aljihu, kuma wai ni mai taswira a waya.)

Da sassafe na kama hanya. Kaka ce, an gama yankan gero, gonaki sun buɗe, iska tana kaɗawa. Ban yi nisa ba sabis ya ɗauke, taswirar ta koma fari fat, sai ɗan ɗigon da ke nuna ni yana zaune a tsakiyar babu. Ban damu ba, don can gaba na hango wata faffaɗar hanya miƙaƙƙiya, aguwa ta yi mata shinge hagu da dama. Babu ƙarfe ko ɗaya, amma ai na karanta, rairayi ya binne. Kashin shanu kuwa ko'ina, na ce to, su ma shanu suna son layin dogo. Na wuce wani makiyayi yana kora garke zuwa kasuwar Maigatari, na ɗaga masa hannu kamar gwamna, ban tambaye shi komai ba.

Kafin azahar na shigo wani ƙauye. Ga gida mai tsohon rufin kwano, ga darbejiya ƙatuwa a ƙofarsa, dattawa suna zaune a inuwarta suna ɓarar gyaɗa. Wallahi sai na tuna Baba, na tuna Inna tana matashiya da kwanon ruwa a hannu, na jingine keke na rungumi itaciyar, hawaye shar. Na zaro waya na ɗauki hotonta.

Da na samu kaina na gaishe su, na zayyana musu komai: a nan aka haife ni, mahaifina ma'aikacin reluwe ne, wannan itaciya mahaifiyata ta dasa. Mai gidan, wani farin dattijo da suke kira Malam Ilu, ya ce Allah sarki. Aka shimfiɗa min tabarma, aka kawo ruwa, aka kawo fura. Wani ya shiga gida ya fito da dogon wando ya ajiye kusa da ni, na gane saƙon na saka. Suka yi wa Baba addu'a, na sake fashewa.

Da ma a nan na tsaya. Ina, fura ta shiga, baki ya buɗe. Na miƙe na nuna musu inda jirgi yake tsayawa (wajen tarin karan gero ne), har na kwaikwayi kukansa. Suka gyaɗa kai suna cewa ikon Allah. Na nemi izini na leƙa zaure na gaida matan gida, na shaida musu a ɗakin can na dama aka yanke min cibiya. Wata tsohuwa daga ciki ta ce to madalla. Ashe mutanen nan ba sa katse baƙo, balle wanda ya zo da kuka, sai ya ci ya sha ya huta.

Sai da muka idar da azahar Malam Ilu ya ja ni gefe, ya sassauta murya.

"Ɗana, kada ka ga kamar na ƙaryata ka. Itaciyar nan ni na dasa ta, shekarar da na yi aure. Jirgi kuwa, tun da nake, sai dai na sama. Nan ƙasar Sule Tankarkar ce. Burtali ka biyo."

Na waiwaya. Dattawan nan kowa ya duƙufa kan gyaɗarsa kamar ba su taɓa ganin gyaɗa ba, kafaɗar ɗaya tana rawa. Da ƙasa za ta tsage da na shige da keken duka. A bayan a-kori-kura aka sa ni zuwa Gumel, da wandon aro, taya biyu duk ƙaya ta sace musu iska.

Ina isa na ɗauko littafin Malam Sabo. A ƙarƙashin layin da na karanta, layi na gaba kai tsaye, ya rubuta cewa in ka ga aguwa hagu da dama to ba dogo ba ne, hanyar shanu ce, ka koma baya.

Na gaya wa Inna gaskiya. Ta yi dariya har da tari, rabon da in ji ta yi irinta tun Baba yana da rai. Da ta lafa sai ta miƙo hannu, ta ce in ba ta hoton duk da haka. Ta daɗe tana kallon darbejiyar mutane, tana shafa gilashin wayar da babban yatsa, sannan ta ce, "Tawa ma yanzu ta kai haka."

Na yi alkawarin komawa. Gyaran taya ya ci kwana, hutu ya ƙare, na ce sai na gaba. Inna ba ta kai damina ba.

Bayan arba'in na koma, da littafin a cikin jaka, ina tsayawa ina karanta kowane shafi har ƙasa. Ban ɓata ba ko sau ɗaya. Ga tasha, ga kwatas, ga darbejiyar tana nan, 'yar karkatacciya, an ɗaure akuya a jikinta. Na ɗauki hotonta, na tsaya riƙe da waya ban san wa zan nuna wa ba.

Abin da na koya bai da yawa: in dattijo ya ba ka littafin hanya, ka karanta layi na biyu. Hotunan biyu suna nan a wayata har yau. Amma in kewar Inna ta taso min, ta Malam Ilu nake buɗewa, don ita ce ta gani.