Yadda Ake Cinye Bazara Ba a Yaɓe Rufin Ɗaki Ba

Kai mai son littafi, matso kusa. In ka bi matakan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka cinye bazara tun daga ranar da zafi ya sauka har ranar da ruwan fari ya zuba, hannunka bai taɓa laka ba, ƙafarka ba ta hau tsani ba. An gwada, an ga aiki. Wanda ya gwada kuwa shi ne Malam Uwaisu, malamin da ke rubuta sunayen matafiya a rumfar kan iyaka ta Jibiya, inda ƙasar Ingilishi ta ƙare ta Faransa ta soma. Na san shi kamar yunwar cikina. A bazarar bara rufin soronsa ya tsage tun daga azara ta uku har bakin indararo, amma bawan Allahn nan ya kai ƙarshen zafi bai yaɓe shi ba. Ga yadda ya yi.

Mataki na 1: Samo littafin da ba a yi masa gardama

Ba kowane littafi ke kare mutum daga aiki ba. Ƙananan littattafan bokon nan da ake bugowa daga Zariya ba su da kauri, kafin a dama maka fura ka gama. Malam Uwaisu na da goma sha huɗu a akwatin kwano. Na bayan nan da ya karanta, ɗaya kan sauro ne, ɗaya kan noman auduga, ɗaya kuma kan gyaran gida kafin damina, wanda ya karanta sau biyu har yana ja wa muhimman wurare layi. Matarsa Hajo ba ta ganin girman ko ɗaya daga cikinsu. In ta gan shi da su sai ta nuna masa tsagar rufi da muciya.

Abin da kake bukata shi ne rubutun hannu, cikin gafaka, mai warin tsufa. Malam Uwaisu ya samu nasa ranar wata kasuwa, daga hannun Baba Maharazu, wani tsohon falke da ke sauko da kanwa daga Maraɗi. Idon tsohon ya yi yana, jakunansa sun fi shi ganin hanya. Bayan an rubuta sunansa bai tashi ba, sai ya zaro gafaka daga cikin riga ya ɗora a kan tebur.

"An ce mini kana cin takarda kamar gara," in ji shi. "Wanga, Yayana ya rubuta shi da hannunai. Ya karanta mini rabi, ciwo ya kama shi, bara ya rasu. Ni ko ido ya tahi. Ka karanta, in na komo bayan wata guda ka hwaɗa mini yadda ya ƙare shi."

Labarin wani mai haƙar rijiya ne, wanda ya rantse ba zai koma ga iyalinsa ba sai ya tono ruwa a wani gari da ba a taɓa samu ba. Ganye ɗari da ashirin, ba ɗinki, da tawadar allo, kuma duk duniya babu wani kwafi sai shi. Malam Uwaisu ya karɓa da hannu biyu, zuciyarsa fari tas.

Mataki na 2: Koyi cewa "amana ce"

Kalmomi biyu ne, amma sun fi garkuwa. Ka faɗe su a hankali, ka ɗan rufe ido, kada ka ƙara komai.

Da Hajo ta ce tsagar nan fa ta fara nuna sama, har tana iya sanin azahar ta yi daga kan gado, Malam Uwaisu ya ɗaga gafaka ya ce amana ce. Da maƙwabcinsu Ɗantala magini ya leƙo ya ce ya kwaɓa ƙasa ta yi masa yawa, ga makuba a jiƙe, abin da ake bukata kawai mutum ɗaya ya tsaya a ƙasa yana miƙo masa, kafin azahar an gama, Malam Uwaisu ya ce amana ce. Ɗantala ya tsaya yana jira ya ji sauran zancen. Babu saura. Ya karkaɗe hannu ya tafi.

Ka lura, masana sun tabbatar cewa mutumin da ke riƙe da takarda ya fi mai barci kama da mai aiki sau bakwai, ko da kuwa amfaninsu ga gida ɗaya ne.

Mataki na 3: Bar zafi ya yi maka aiki

Bazara abokiyarka ce. Daga hantsi zuwa la'asar ba mai ƙetare iyaka, ko ƙadangare sai ya yi shawara. 'Yan duwan, wato 'yan kwastan na can ɗaya gefen, sun miƙe ƙafa a inuwa, motar Katsina ba ta zuwa sai ta ga dama, gulbi ya zama yashi zalla, mata na tona shi da ƙoƙo. Sai ka ja tabarma gindin tsamiya, ka ajiye tulu kusa, ka danne ganyen da ka gama da dutse saboda guguwa.

A nan dole a yaba wa Malam Uwaisu. Ya san tawadar allo ba ta shiri da ruwa, ɗigo ɗaya ya isa ya shafe kalma. Don haka ya naɗe wuyan hannunsa da tsumma kada gumi ya gangaro, ya ɗaure goshi da wani. Ya haramta wa kansa shan mangwaro alhali ana tsakiyarsa, har na banza ake ba shi a shinge. In zai yi atishawa sai ya tashi ya yi taku uku. Wallahi ba a taɓa tsare takarda daga ruwa kamar yadda mutumin nan ya tsare ta ba, in dai ruwan daga jikinsa zai fito.

Labarin kuwa ya kama shi sosai. Ya rubuta wa wani mai raƙumi sunan mai haƙar rijiya a takardar wucewa, sai da mutumin ya kusa Magama aka bi shi aka gyara.

Mataki na 4: Ƙaryata shamuwa

Nan ne masu raunin zuciya ke faɗuwa. Wata safiya za ka ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyarka tana jan kirare. Gawo zai fara zubar da ganye. Iska za ta juya, ta zo da nauyi. Mutanen Bugaje da Mazanya za su riƙa wucewa da mangalar taki, an share gonaki an ƙone kara, masu gaggawa har sun yi binne. Duk wanda ka gamu da shi kansa na sama.

Kai kada ka duba sama, duba littafi. Malam Uwaisu ya ɗauko ɗan littafinsa na auduga, ya buɗe wa Ɗantala shafin da aka jera kwanakin saukar ruwa, ya nuna masa da yatsa cewa bisa lissafi da sauran sati uku cur. Bai ga dalilin ambata cewa a Zariya aka yi lissafin ba, kuma na wata shekara ne. Ɗantala ya dubi shafin a juye, ya dubi tsuntsuwar.

"Malam, ita waccan ta karanta?"

Malam Uwaisu ya yi murmushin da masu ilimi ke yi wa jama'a. Ka koyi murmushin nan, yana da amfani in amsa ta ƙare.

Mataki na 5: Kada ka kuskura ka gama littafin

Wannan shi ne ginshiƙi. Ranar da ka kai ganyen ƙarshe, ranar uzurinka ya mutu, washegari kana kan tsani.

Amma gaskiya ba wayo ne kaɗai ya tsayar da Malam Uwaisu ba. Kai ma ka san ciwon, tunda kana karanta wannan maimakon aikin da aka sa ka. Littafi mai daɗi in ya kusa ƙarewa sai mutum ya ji kamar baƙon da ya saba da shi ne ke ɗaure kaya. A kwana tara ya kai ganye na ɗari da goma sha ɗaya. Mai haƙar rijiya ya yi gaba arba'in a ƙasa, mutanen gari sun daina leƙo shi, igiya ta kusa tsinkewa, sai ya kai hannu ya ji ƙasar ta yi sanyi. Malam Uwaisu ya rufe gafaka. Ya ce ina, irin wannan ƙarshe ba a karanta shi cikin gumi da ƙudaje, sai ranar da gari ya yi sanyi, da shayi a gefe. Ya koma ganyen farko ya sake somawa.

Da ya ga hannunsa na yawan zarcewa baya, sai ya yi dabara. Ya ware ganye taran ƙarshe, ya naɗe su, ya taka turmi ya soke su can sama tsakanin azara, inda ake soke abin da ba a so a taɓa. Ya zaɓi wurin da ya fi faɗi, inda takarda ta shiga ba gardama. Azara ta uku ce. Bai tambayi kansa abin da ya sa wurin ya yi faɗi ba.

Mataki na 6: Karɓi nasararka

Ranar wata Alhamis bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe hular wani ɗan duwan ta shigo da ita ƙasar Ingilishi ba takarda. Ɗigon fari ya faɗi, ƙamshin ƙasa ya tashi, fatake na ta hamdala suna rufe kanwa da fatu. Malam Uwaisu ya tsaya bakin rumfa da gafaka a ƙirji, ya shaƙi sanyi, ya ce alhamdu lillahi, yau ga ranar da zan karanta ƙarshe. Sai da ya faɗi haka ya tuna inda ƙarshen yake.

Mutanen Jibiya har yau suna ba da labarin gudun. Takalmi ɗaya ba a gan shi ba sai da kaka.

Ya tarar Hajo ta ja gado gefe, ta jera kwanoni da ƙore a ƙasa, ɗaki na amsa kuwwa kamar gidan makaɗa. Ruwan kowace ƙwarya ja ne na laka, ban da ta ƙarƙashin azara ta uku. Nata baƙi ne. Ya taka turmi ya zaro naɗin, ya warware a hankali. Ganye tara, duk sun yi fari-fari kamar allon da aka wanke, sai ɗan dishi-dishi a gefe. Hajo ta ɗauki ƙwaryar ta miƙa masa da ladabi, har da ɗan rusunawa.

"Malam, ga ƙarshen nan na tara maka. Ko za ka sha?"

Ba zan faɗi ko ya kurɓa ba. Abin da ya kamata ka lura da shi, bazara ta ƙare a wannan sa'a, kuma hannunsa bai taɓa laka ba. Alkawarina ya cika.

Mataki na 7: In mai littafi ya dawo, ƙirƙiro masa ƙarshe

Tsoho ne, ba ya gani, marubuci ya rasu. Wa zai ƙaryata ka? Malam Uwaisu ya shirya ƙarshe har biyu, ɗaya da ruwa ɗaya babu, ya yi ta bitar su a kan tsani, don washegarin ruwan, duk gari na gona ana shuka, shi yana miƙa wa Ɗantala laka.

Ranar kasuwa Baba Maharazu ya iso. Aka shimfiɗa masa tabarma gindin tsamiya, aka ba shi ruwa. Ya karɓi gafaka ya buɗe, yana shafa ganyen da yatsu kamar mai shafa kan jika. Da ya kai na ƙarshe, waɗanda suka bushe suka yi kumbo, yatsun suka tsaya.

Malam Uwaisu ya buɗe baki zai soma ƙarshe na ɗaya, sai ya ji gaskiya na fitowa. Ya faɗi duka, tsagar, shamuwar, azarar, har ƙwaryar. Kunya ta rufe shi, ya gwammace tsohon ya ɗaga sanda ya rafka masa. Tsohon ya ce ya ba shi labarin daga inda Yaya ya tsaya masa zuwa inda shi Malam ya tsaya. Ya bayar, bai tsallake komai ba, har wurin da mai haƙar rijiya ya kai hannu ya ji sanyi.

"To, ya dai taɓa sanyi," in ji tsohon. Ya goge ido da bakin rawani. Can ya ce, "Rufin fa?"

"An yaɓe, Baba."

"Madalla. Shekara talatin ana ce ma Yaya rubutunai ba ya da amfani."

Ya tattara ganye taran nan da ba komai a kansu, ya ƙirga su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita bakinsu, ya mayar da su wurinsu a ƙarshen littafi. Ya ɗaure gafaka ya sa cikin riga, ya kama igiyar jakinsa. Malam Uwaisu ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa a takardar wucewa, ya miƙa masa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka in ka bi shawararsa. Ɗigar ɗaki, gorin maƙwabta, ɓatan takalmi da ciwon ciki na kwana biyu, duk kai ka jiyo. Haka kuma ba shi ne Malam Uwaisu ba, ko da an gan su a gida ɗaya da mata ɗaya. In ka zo ƙorafi kada ka neme shi gindin tsamiya, shamuwa ta sauka shekaranjiya, yana kan rufi. Kuma don Allah kada ka tambaye shi ko mai haƙar rijiya ya samu ruwa. Duk wata wani tsoho na wucewa ta gaban teburinsa, su gaisa, tsohon ma bai taɓa tambaya ba.