Ranar da Na Kai Surukina Gidan Bature

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai surukina ganin gidana a Nassarawa ba.

Lokacin ana gab da samun 'yancin kai, Turawa na ta haɗa kaya, mu 'yan akawu kuma ana ta ɗaga mu sama. Unguwar da a da ɗan ƙasa ba ya shigarta sai in kuku ne ko mai gadi, sai ga gwamnati ta jera sabbin gidaje a gefenta, har aka ba ni ɗaya, a layin da aka sa wasu Turawan da ba su tafi ba. Gidajen nan kamar ƙwan kaza suke. Fenti ɗaya, taga ɗaya, hatta kujerun falo iri ɗaya aka zuba mana. Ba katanga, ba zaure, sai 'yan furanni.

Matata Binta tana gidansu a cikin birni tana wankan jego. Mahaifinta, Baba Alhaji, ya rantse 'yarsa da jikansa ba za su tare a "dajin Nasara" ba sai ya ga wurin da idonsa. In ya ce a'a, to ni da gwauranci ke nan, ga sabon gida ba mai share shi.

Motar ofis ta sauke mu a bakin layi gab da la'asar. To kun san sha'anin surukuta. Baba na gaba, ina biye, kaina a sunkuye, ban san komai ba sai dugadugansa (wai ni mai ladabi). Can ya tsaya ya ce, "Nan ne?"

Na ga jan dakali irin nawa, na ce, "Nan ne, Baba."

Ƙofar a buɗe take. Na ce a raina tsabar ruɗewa ce ta sa na fita ban kulle ba. Baba ya tuɓe takalmi, ya yi sallama ya shiga, ni kuma na durƙusa daga bakin ƙofa ina kallon siminti. Na ji ya ce, "Ba laifi, akwai tsabta." Har na fara godiya ga Allah. Ya shimfiɗa buzunsa zai yi salla, sai ya juyo ya ce:

"Kai, wannan kwalbar ta mece ce?"

Sai a lokacin na ɗaga kai. Giya ce, rabin kwalba, zaune daram a kan tebur. Maimakon in ce ba tawa ba ce, bakin nan nawa ya ce, "Magani ne, Baba." (Har yau ban yafe wa bakin nan ba.)

Kafin ya amsa, sai ga wani ƙaton kare ya fito daga uwar ɗaka, ya shinshina buzun, ya kwanta abinsa a kai. Bayansa kuma ga Bature da gajeren wando da tawul a wuya. Ba ma wani Baturen ba, shugabana na ofis! Ashe gidansa ne, nawa yana gaba. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ina gajiya?"

Baba ya ce, "Ba gajiya," ya sa takalminsa ya fita. Buzun ma bai waiwaye shi ba.

Sai da muka kai titi ya juyo. "Karen ba naka ba ne, na yarda. Maganin ma ba naka ba ne. Amma mutumin da bai gane ƙofar gidansa ba, in na ba shi 'yata, gidan wa zai kai ta?"

Da kyar, bayan Binta ta sha kuka, ya sassauta: sai na yi katanga da zaure, yadda ko makaho zai gane gidan. Da yake gidan gwamnati ne, ofis ya ja min rai sosai kafin ya yarda in yi ginin, Binta kuwa ba ta tare ba sai da yaronmu ya fara rarrafe.

Tawa ce katanga ta farko a layinmu. Yau kowa ya ja tasa har ba a hango rufi, suna cewa don tsaro ne. Ni dai na san abin da ya aza tubalin farko. Tun daga ranar nan, ko gaban wa nake, ina sunkuyar da kai, amma sai na fara duba ƙofa.