Rabin Takwas

"Lafiya ƙalau muke. Ya jikin bawana? Har yanzu ana kwance ana cin tuwon banza?"

Baturiya ce ta faɗi haka tun daga bakin ƙofa. Malam Zailani taubashinta ne, ɗan goggonta, tsohon malamin lissafi a Kiru. Bayan ya yi ritaya, duk yammacin Juma'a yakan shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron ƙofar gidansa, manoma da 'yan acaɓa da tsofaffin mata su kewaye shi, yana koya musu lissafi da gyaɗa da tsakuwa, ana ta dariya. Da damina ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Tun daga nan ya daina fita, ya hana masu dubiya shiga.

Ta shiga, ta ga yadda ya rame. Ta nemi wuri ta zauna.

"Wa ya bar tsohuwar nan ta shigo?" ya ce da ƙyar, kalmomin na harɗewa.

"Uwargijiya ba ta neman izinin bawa. Aike ya kawo ni. Ɗalibanka sun ce in karɓo tabarmar, ni ce sabuwar malama."

"Ke? Da ko ƙidaya jikokinki ba ki iya ba?"

"Ai har na fara. Makon jiya na koya musu rabin takwas uku ne."

"Huɗu!"

"Uku. Rubuta takwas a ƙasa, ka tsaga ta daga sama zuwa ƙasa. Me ya rage a dama?"

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

"In ka yanka ta a kwance kuma sifiri biyu ne. Zakari mai faci har tafi ya yi mini."

"Zakari kansa faci ne. Sai me kuma kika ɓata?"

"Na ce kashi ɗaya cikin huɗu ya fi ɗaya cikin biyu, tunda huɗu ta fi biyu."

"Innalillahi! To kawo wainar da kike ɓoyewa a mayafi. Mu biyu mu raba, ko mu kira mutum biyu mu zama huɗu. Wanne kika zaɓa, sarauniyar kwaɗayi?"

"Ni kaɗai na zaɓa."

"Kin ga ni. Cikinki ya iya lissafi, kanki ne fanko."

Ya yunƙura zai zana mata a ƙasa. Hannun bai bi shi ba. Ya daɗe yana kallon hannun kamar na wani.

"Baturiya," ya ce a hankali, "likita ya ce wannan ba lallai ya dawo ba. Yawu ma zuba yake. In fita su yi ta kallona?"

Ta kau da kai, ta goge ido da bakin mayafi.

"Kullum Juma'a sai sun zo, Zailani. Su zauna a ƙasa, su tashi da magariba. Ba hannunka suke jira ba. Gyaɗar ni zan riƙa jerawa."

"Ki cinye rabi."

"Rabi nawa ne, uku?"

"Ba za su gane maganata ba."

"Da can ma wa yake ganewa? Kunya ce ta sa muke gyaɗa kai."

Dariya ta ƙwace masa, wata iri mai haɗe da tari, hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi. Da ta lafa, ya laluba ƙarƙashin matashi da hagu, ya ciro goro ɗaya ya miƙa mata.

"Kin ci. Ki ce wa Zakari ranar Juma'a ya zo da wani, su ɗaga ni. Gara a yi mini kallo da in mutu in bar Kiru a hannunki."