Rasuwar Auta, Ɗan Tanda na Arba'in da Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta ƙi zama wuri ɗaya tun ranar Talata, ɗalibar da ke neman digirin digirgir a ɗakin gwaje-gwaje na hawa na biyu tana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Auta, ƙanƙanin dutsen da ta gasa da hannunta. Ya cika yana da mako shida a duniya.

Marigayin bai kai ƙwayar shinkafa ba, baƙi ne wuluk mai sheƙi. Sinadarai uku ta haɗa, ta kulle a bututun gilashi, tanda ta riƙe su kwana ashirin da ɗaya. Shi ne na arba'in da bakwai. Yayyensa arba'in da shida suna nan da ransu cikin kwalabe a kan kanta, kuma ko ranar makoki ce sai an faɗi gaskiya: babu mai amfani ko ɗaya a cikinsu.

Auta mai amana ne. Kowace waya, in wutar lantarki ta bi ta cikinta, sai ta ci rabonta ta yi zafi. Shi kuwa, da aka sa shi a injin sanyi, aka kai shi sanyin da iska kanta ke zama ruwa, sai ya bar wuta ta wuce bai taɓa ko ɗigo ba. Irinsa ake nema ruwa a jallo domin wayoyin da ba sa asarar wuta a hanya, da injin ɗaukar hoton cikin jikin marar lafiya, da kwamfutocin da har yanzu ake mafarkinsu. Bai kasance mai surutu ba. Abin da mai shi ke tunawa shi ne numfashin injin sanyi a kansa, “cak-cuu, cak-cuu,” sai kuma “ɗit” ɗin da ma'auni ya yi lokacin da layin da ke allon kwamfuta ya faɗi ƙasa ya kwanta. Ranar ta yi kuka, ta kira mahaifiyarta, wadda ba ta fahimci komai ba amma ta sa albarka.

Sau ɗaya tak ya yi wannan bajinta, domin injin sanyi layi ake bi. Farfesan da ke duba aikinta ya ce abin da aka gani sau ɗaya ba a kai shi gaban masu jarrabawa, sai an maimaita. Ga shi saura kwana goma sha tara ta tsaya gabansu.

Game da jinyarsa, gajeriya ce. Marigayin ba ya shiri da iska, a cikin akwatin gilashi marar iska mai safar hannu yake zaune. In za a kai shi injin sanyi, da gudu ake yi, ana ƙirga ɗaya zuwa sittin. Shi ya sa shekara da shekaru ƙofar ɗakin injin take a buɗe, an tokare ta da kundin digirin wani bawan Allah da ba wanda ya taɓa karantawa. Ranar Talata da hantsi layi ya zo kanta. Ta ɗauko Auta, ta sheƙo da gudu, ta tarar da ƙofa a garƙame. Ashe Baba Mai Gyara, dattijon da ke kula da injinan ɗakin, ya ga littafi a ƙasa, abin ya sosa masa rai, ya kakkaɓe shi ya mayar kan kanta. Minti shida tana buga ƙofa da ƙafa, tana kallon sheƙin Auta yana dusashewa, har ya koma kalar toka a hannunta.

Ba ta riƙe Baba a zuciya ba, mutumin kirki ne. Sai dai tana so a sani cewa shi ne kuma, makon da aka haifi Auta, ya gano ma'aunin zafin tanda ƙarya yake yi, ya sa sabo, ya jefar da tsohon. Saboda haka yau babu mahaluƙin da ya san zafin da ya gasa marigayin. Tun ranar Talatar nan ba ta iya zama ba. Ta buɗe littafin aikinta ta rufe, ta je gaban tanda ta dawo, ta tona kwandon shara har sau uku tana neman tsohon ma'aunin. Tsoro take ji, tsoron kada shekara biyar ta tafi tare da shi.

Ya rasu ya bar mahaifiyarsa tanda, da yayyensa da aka ambata, da siraran wayoyin zinare huɗu da aka manna masa, da hoton layin nan na allo guda ɗaya a bangon ofis.

Za a yi jana'izarsa ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe. Za a niƙa shi a ƙaramin turmi, a kai garin ɗakin hoton ƙashi na duwatsu, ko a mace zai faɗi abin da bai faɗa ba yana raye. Daga nan a binne shi a jar kwalbar shara mai guba da ke bayan ƙofa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ce ta gasa wani, kuma duk wanda ya tuna yawan ƙaryar da tsohon ma'auni ke yi, ya zo da wuri. Baba Mai Gyara ne zai karɓi gaisuwa.

Mai shi ba za ta samu halarta ba. Tana gaban tanda, ta sa na arba'in da takwas a wuta da zafin da ta cinka. Kwana ashirin da ɗaya yake bukata.