An Sallami Hajiya

Jiya da hantsi na kai tankar ruwa bayan sito-siton unguwar Sulay kamar kullum, sai na tarar da shingen a kwance, awakin wani bawan Allah suna karin kumallo da Hajiya.

Hajiya wata ciyawa ce mai toka-tokan ganye, ko gwiwa ba ta kai ba. Da ta kusa ƙarewa a duniya aka sa ta cikin doka, taɓa ta ya zama laifi. Mu 'yan ci-rani muka raɗa mata sunan, don tana da shinge, da inuwa, da mai hidima, abubuwan da babu ɗayanmu da ya mallaka. Mai hidimar shi ne maƙwabcina Almustafa, mutumin Zinder. Shekara bakwai yana yi mata ban ruwa, iƙamarsa ma, wato takardar zamansa a ƙasar nan, a kanta take rataye.

Watan jiya Masu Girma 'Yan Kwamiti suka zo ƙidaya. Allah ya ƙara musu lafiya, daga cikin mota suka ƙirga, gilashi a rufe, don kada su tsorata ganyen. Sun samu tushe tamanin. Har direba ya juya, sai ga Almustafa a guje yana buga taga.

"Ya mudir, ranka ya daɗe! Akwai wasu a bayan katanga, sun fi dubu!"

Shi ke nan. Aka rubuta Hajiya ta warke, aka cire ta daga doka, aka yanka raguna goma na murna. Kafil, ubangidan da ya tsaya masa a iƙama, ya kira Almustafa ya ce, "Mabruk. Khalas, ba aiki."

Na ce masa, "Malam, wa ya aike ka?"

Ya ce, "To in ɓoye 'ya'yana? Ni na raine su!"

Tun jiya nake juya maganar. Da ya yi lalaci, da yanzu yana da aiki, ita ma tana da shinge. Ya riƙe amana, ga shi akuya na cin amanar. A wane babi malamai za su sa wannan?

Yau dai kafil ya tausaya masa. Za a yi wurin ajiye motoci a filin, ana neman wanda ya san inda kowane tushe yake don a tuge. Almustafa ya karɓi fartanya yana share hawaye, an sabunta iƙama.

Ni kuwa daga yau, duk babban da ya tambaye ni ya jiki, ba zan kuskura in ce da sauƙi ba.